Sifikokin Baya na Baffa Mijinyawa

"Ɗauki wannan ka huta," in ji Sulle mai shagon kayan sauti, yana buga kwalin da tafin hannu. "Sabo dal, ɗan Caina. Ƙananan sifika biyar, ga uwarsu mai gurnani. Wayarsa ɗaya ce tal, duk inda ka soka ta, biyar ɗin za su amsa maka."

Suhaibu ya juya bayan uwar ya duba, ya taɓe baki. "Su amsa da me? Murya ɗaya ce ake raba musu. Abin da na gaba ya faɗa, shi na baya zai maimaita. Wannan ba sauti mai kewaya mutum ba ne, hayaniya ce kawai."

"To, malamin kwamfuta. Mutanen Karaye dai hayaniyar suke saye, kuma ba wanda ya taɓa dawo min da ita."

"Shi ya sa muke inda muke. A ba mu jabu, mu yi godiya."

Sulle ya yi dariya, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani tsohon saiti, na hannu, duk ƙura, an ɗaure wayoyinsa da roba. Kawunan wayarsa uku ne: kore, baƙi da ruwan goro. Ya jona su a babbar kwamfutar shagonsa, ya jera sifikokin a kewaye da Suhaibu, ya kunna wani fim. Mota ta taso daga bayan kunnensa na hagu, ta ratsa ta wuce gaba. Sai da Suhaibu ya waiwaya.

Kuɗin wannan ya fi na sabon, kuma abin da ke aljihunsa bai kai ba. Suka yi ta ja, Sulle na rantsuwa da abin da ya saro shi, Suhaibu na nuna masa inda kwalin uwar ya tsage. A ƙarshe ya ƙara da tsohuwar wayarsa ta hannu, ya rungumi kayan ya fito, yana jin yau kam ba a cuce shi ba.

Ba don kansa ya saya ba. Don maƙwabcinsa Baffa Mijinyawa ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Bafulatani ne daga Fulatan ta ƙasar Rogo, wanda ya yi rayuwarsa duka da sanda a kafaɗa. Ciwon suga ya fara cin idanunsa, ya gangara ƙafa, ya kama ƙoda. Ya dawo Karaye don ya kusanci asibiti, asibitin kuma ya tura shi Kano. Kowace tafiya Kano saniya ce. Haka garken ya tafi ɗaya bayan ɗaya, ragowar kuma wani ɗan uwansa Halliru ya saye, ya ce gara su zauna a cikin dangi. Da shanun suka ƙare, tafiya Kano ma ta ƙare.

Masu dubiya ba su ƙare ba. Kullum zauren a cike, takalma har bakin titi. A gaishe shi gaisuwa mai tsawo, a ce ya jiki, a ce Allah ya sa kaffara ne, a sha kunun matarsa Goggo Sauda, a tashi. Suhaibu ya zagaya unguwa yana neman a haɗa hannu a mayar da tsohon asibiti. Aka ce masa yaron nan akwai zafin kai. Ya je sakatariya, aka ce ya dawo wani mako. Mutum yana narkewa a gaban mutane, su kuma suna yabon haƙurinsa, kamar haƙurin magani ne aka rubuta masa a sha safe da yamma.

Wata rana da hantsi Suhaibu na zaune a bakin gadon, tsohon ya ce, "Kaɗo, ka san abin da ke kashe ni?" Kaɗo yake kiransa, tsokanar Bafulatani ga Bahaushe.

"Na sani, Baffa. Ƙoda."

"Kai ɗan boko, komai sai ka ba shi suna. Shiru ne. Tun ina yaro ban taɓa tafiya bayana babu motsi ba. Ku kuna korar dabba daga baya da bulala. Mu gaba muke shiga, su biyo. Ba na waiwaye, kunne ke gaya min wace ce ta tsaya, wace ce ke ɗingishi. Saniyata Wule tana nan dab da kafaɗata ta dama, tana hura min iska a wuya. Yanzu in na saurara, bango kawai nake ji." Sannan ya ce, "In ji su a bayana sau ɗaya, sai in tafi."

Asibiti ya fi ƙarfin Suhaibu. Wannan kuwa bai fi ƙarfinsa ba. Sana'arsa kenan tun da ya gama karatu aiki ya ƙi samuwa: buga takardu da tura wa mutane karatu da waƙoƙi a waya. Ya hau acaɓa har Fulatan, ya roƙi Halliru, ya shiga gaban garken da wayarsa a ɗage lokacin da suke fita kiwo. Ya ɗauko takun kofato, da karon ƙaho, da kukan maruƙa, da numfashin wata farar goshi da aka ce masa ita ce Wule. Ya dawo ya zauna a kan laftof ɗinsa yana gyarawa, ya tura kowane sauti zuwa sifikokin baya, Wule a dama.

Ranar da ya kawo kayan an yi sa'a akwai wuta. Ya kafa ƙusa biyu a bangon da ke saitin kan gadon, ya rataye na baya. Sauran ya jera su wajen ƙafafu, uwar a ƙasa kusa da buta. Goggo Sauda na tsaye a bakin ƙofa da muciya a hannu.

"Suhaibu, kada dai ka ƙona mana ɗaki."

"Goggo, shanu zan shigo miki da su."

"To ka ce musu kada su yi min kashi, yanzu na share."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Rabon da a ji dariyarsa an daɗe. Masu dubiya biyu da ke zaure suka leƙo su ga abin mamaki.

Sai da Suhaibu ya ɗauko kawunan wayar nan uku ya kai su gefen laftof ɗin, sannan ya ga abin da bai duba ba. Rami ɗaya ne. Kwamfutar Sulle babba ce mai ramuka a jere. Tasa rami ɗaya gare ta. Ya tsaya da wayoyin a hannu. Ya soka koren, ya bar biyun suna reto, ya ce a ransa wataƙila. Ya danna.

Garken ya cika ɗakin. Kofato, ƙaho, ɗan maraƙi na kiran uwarsa. Baffa Mijinyawa ya yunƙura a kan gwiwar hannu, makafin idanunsa a buɗe.

"Kukan saniyata Saye kenan," ya ce a hankali. "Ta tsufa. Ga Wule, ga Wule." Ya kira ta da Fulatanci, kira mai tsawo daga maƙogwaro. Sannan ya karkata kai baya, wajen bango, yana jira. Ya karkata ɗaya kunnen. Sifikokin da ke kan ƙusa ba su ce komai ba.

"Kaɗo, a gabana suke."

"Baffa, waya ce kawai, zan..."

"Duk a gabana suke. Sun wuce ni." Ya koma ya kwanta. "Saniya ba ta shiga gaban mai ita sai ta daina saninsa. Kashe."

"Ai kuwa abin ya yi kyau," in ji ɗaya daga masu dubiyar. "Kamar a ruga. Malam Mijinyawa, sai godiya, yaro ya yi ƙoƙari."

"Bai yi ba," Suhaibu ya ce da ƙarfi, har dattijon ya ja baya. "Kullum ya yi, ya yi. Ba abin da ya yi."

"Kashe," tsohon ya sake cewa, ya juya fuskarsa bango.

Suhaibu ya kashe. Kansa ya cika da haushi: haushin Sulle da bai tambaye shi irin kwamfutarsa ba, haushin masu cewa ya yi, haushin garin da za ka nemi ƙaramin abu ka rasa. Ya san maganin. Akwai wata 'yar na'ura da ake soka wa laftof ta ba shi ramuka uku, sawun-kad ake ce mata. Ya koma wurin Sulle, babu. Ya zagaya shagunan bakin tasha, wasu ba su ma taɓa jin sunanta ba. Da yamma abokin karatunsa Alhassan, mai ɗaukar bidiyon biki a Rogo, ya ce yana da ita, ya zo da safe ya ara.

Kafin ya tafi ya leƙa. Goggo Sauda ta ce tun jiya ko ruwa bai karɓa ba.

"Baffa, zan je Rogo in dawo. Yau za su dawo bayanka, in sha Allahu."

Tsohon bai juyo ba. "Ka gaida hanya, Kaɗo."

A Rogo Alhassan ya fita aiki wani ƙauye, ya kulle shago. Suhaibu ya zauna a benci yana jira, rana na hawa. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, yana ɗagawa layin na yankewa, bai san lambar ba. Sai bayan azahar Alhassan ya iso, ya zazzage jaka ya miƙo masa abin. Bai fi akwatin ashana girma ba.

A hanyar dawowa bisa acaɓa wani garke ya tare titi. Makiyayin na gaba, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, ko waiwaye ba ya yi. Ɗan acaɓan ya kutsa a hankali ta gefensu ya wuce, kukan shanun ya koma bayan Suhaibu. Bai taɓa komai ba, wuri kawai suka sauya. A nan abin ya faɗo masa. Sifikokin da suka yi magana jiya, da ya sauke bebayen nan biyu ya rataye masu maganar a kan ƙusoshin, shi kenan. Tsawon wayarsu ya isa. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Ko sabon nan na Caina da ya raina, da shi ya saya, da biyar ɗin sun amsa, da Wule ta huro wa tsohon iska a wuya.

"Malam, ƙara wuta," ya ce.

"Hanyar ce ba kyau, yallaɓai. Sai haƙuri."

Tun daga kan kwana ya hango tabarmi a ƙofar gida. Mutane na wanke ƙafafu, jar ƙasar maƙabarta a gefen wandunansu. Da hantsi Baffa ya cika, aka ce masa. An neme ka a waya. Dattijon jiya ya kama hannunsa ya ce marigayin ya yi kyakkyawan ƙarshe, ko ƙorafi bai yi ba. Suhaibu ya buɗe baki, ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Ya zauna aka shafa fatiha da shi.

Wani ya ce tunda ga kayan sauti a gida, a fito da su a sa karatun Alƙur'ani saboda masu zaman makoki. Aka kwaso uwar da na gaba aka kai zaure, aka jona a wayar wani. Suka yi aiki lafiya lau.

Da la'asar ya yi sallama ya shiga yi wa Goggo Sauda gaisuwa. Tana zaune a ƙasa cikin ɗakin, an naɗe katifar, gadon ya zama katako tsirara.

"Goggo, ya ce wani abu?"

"Ya tambaya ko ka dawo." Ta gyara mayafinta. "Na ce kana hanya. Sai ya ce in matsar masa da filo, kansa ya jingina da bango sosai. Na matsar. Ya daɗe a haka yana saurare."

Suhaibu ya sa hannu a aljihu, ya damƙe 'yar na'urar har gefenta ya shige masa tafi. Bai fito da ita ba.

Goggo Sauda ta miƙe da ƙyar, ta zaro sandar kiwon daga ƙarƙashin gado ta jingine a lungu. Ta ɗauki malafarsa, ta dudduba inda za ta sa ta. Ƙusoshin biyu duk da abu a kansu. Sai ta kifa ta a kan sifikar dama, ta koma ta zauna. Wayar ta sauko daga ƙarƙashin malafar, ta bi bango, ta ƙare a ƙasa ba a jone da komai ba.