Ranar da Aka Cire Wa Manong Tikoy Waya

Rustico Tamonan aka yi masa baftisma da shi, amma a duk birnin Iloilo ba mai kiransa haka. Manong Tikoy kowa ya sani, Manong kuwa kiran girmamawa ne a wurinmu, kamar a ce yaya. Jitar bes yake kaɗawa, mai kakkauran tsirkiya huɗu, wadda a ƙirji ake jin muryarta kafin ta iso kunne. Ni ce mai waƙa a tsohuwar ƙungiyarmu. Mun sha yawon otal-otal da manyan jiragen ruwa tare, har ƙasashen Larabawa. Daga baya na yi aure na bari, na buɗe rumfar miyar taliya a unguwar La Paz. Sauran ma kowa ya kama gabansa. Shi kam bai bari ba, kiɗan ne ya bar shi.

Lokacin da ya dawo gida gaba ɗaya, matarsa Leonora ta riga ta rasu, 'yarsu tilo kuma tana aikin jinya a Kanada. Ya kama ɗaki a saman wani shagon gyaran babura. Ba komai ciki sai gado, da kabad ɗin kaya, da jitar, da tsohuwar amfilifayarsa haɗe da lasifika, ƙatuwar akwati mai nauyin buhun shinkafa, wadda ya ɗaura wa tayoyin keken jarirai. Mai gidan ta hana shi kunna ta, wai tana kaɗa mata kwanuka. Idan tsirkiyoyin suka dushe, sai ya kwance su ya tafasa a tukunyar da yake dafa shinkafa, ya shanya a taga.

Da hantsi yakan zo rumfata, ya ajiye wayarsa kusa da kwano, fuskarta na kallon sama.

"Manong, ci abincinka," nakan ce masa. "Kallo ba ya sa waya ta yi ƙara."

"Ke dai ƙara min tafarnuwa, Inday. Lokacin bukukuwa ya kusa."

Wata Laraba kuwa sai ta yi ƙarar. Wani matashi ne, Renz, mai fiyano kuma shugaban wata ƙungiya. Mai bes ɗinsu ya samu aikin jirgi ya tafi ba sallama, ga shi suna da wasa a wani bikin aure a tsibirin Guimaras ranar Asabar da rana. Manong Tikoy ya miƙe tsaye yana amsa wayar, kamar yaron yana ganinsa. Miyar ma bai shanye ba.

Kwanakin da suka rage ya yi su ne yana koyon waƙoƙin yaran yanzu daga waya, kunne manne da ita. Ya je aski. Ya goge baƙar rigarsa mai ƙyalli, wadda rabonsa da ita tun a Dubai.

Ranar Asabar da sassafe ya sauko da akwatin daga bene, mataki-mataki, yana tare ta da gwiwa. Direban motar haya ya ce ba za ta shiga ba sai an ɗaure ta a sama. A bakin ruwa ma masu kwalekwale suka sa shi gaba.

"Manong, firji za ka kai wa amarya?"

"Ku riƙe ta da kyau, ta girmi ubanku."

"To ai ita ya kamata a ba kujera, kai a ɗaure ka a sama!"

Ya yi dariya tare da su. Ya zauna a gaba, jita tsakanin ƙafafu, ya lulluɓe akwatin da leda saboda feshin ruwan gishiri.

A gonar mangwaro aka kafa rumfar bikin. Ya riga kowa zuwa, ya tura akwatin gefen ganguna, inda mai bes ke tsayawa, ya warware wayar da ke haɗa jita da akwatin, ya daidaita tsirkiya. Can sai ga Renz da yaransa, kowa da 'yar jaka a kafaɗa. Renz ya kalli akwatin, ya sosa ƙeya.

"Manong, ban gaya maka ba? Da ba ka sha wahalar kawo wannan ba."

"Ina zan jona to?"

"Ai ba jonawa. Bes ɗin yana cikin kwamfuta, an riga an naɗa. Iyayen amarya ne suka ce makaɗa biyar suke so su gani a kan dandamali."

"To ni mene ne aikina?"

"Ka tsaya kawai, ka dinga motsa yatsu. Rigar nan taka za ta yi kyau a hoto."

Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, har hannu ya dafa masa a kafaɗa. Manong Tikoy ya roƙa a bar shi ya kunna ko da ƙasa-ƙasa ne. Renz ya ce murya biyu za su cakuɗe. Ya sunkuya da kansa ya zare wayar daga akwatin, ya tura bakinta ƙarƙashin shimfiɗar dandamali yadda ba mai gani.

Daga baya Manong Tikoy ya ce min ya yi tunanin tattara kayansa ya tafi. Amma kafin ya yanke shawara amarya ta shigo, aka tashi kiɗa. Sai ya tsaya. Kuma bai yi motsin yatsun ƙarya ba, ya kaɗa duk abin da ya koya, waƙa bayan waƙa. Ba mai ji, shi ma ba ya ji. Katakon jitar ne kawai ke rawa a jikin cikinsa. Daga manyan lasifikoki wani bes ne ke fita, tsaf, ba kuskure, ba ya jiran kowa. Mai gangar, kunnuwansa toshe da abin sauraro, ko sau ɗaya bai waiwayo ba.

Da aka tsaya cin abinci, uban amarya ya zo da jan ido na giya, ya kama hannunsa ya girgiza.

"Tsoho, hannunka na nan! Har cikin hanjina nake jin ka."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Manong Tikoy.

Aka ba makaɗa abinci a bayan rumfa. Yaran suka haɗa kai a kan waya ɗaya suna dariya. Shi ya zauna a kan akwatinsa da farantin shinkafa da gasasshen alade, yana juya cokali. Nan ne wata mata da ke kwashe kwanuka ta tsaya a kansa.

"Tikoy? Kai ne ko idona ne?"

Manang Siony ce (Manang shi ne na mata, kamar Manong), matar Badong, wanda ya yi mana kiɗan ganga duk tsawon shekarunmu na yawo. Mun san sun koma tsibirin, amma labarinsu ya daɗe da yankewa. Ta ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun damina biyu da suka wuce. Magana da ƙyar take fita. Ta ce tun da ya kwanta ba makaɗin da ya leƙo, shi kuma ya hana ta gaya wa kowa.

"Gidan da nisa?"

"Bayan coci ne. Amma kada ka je da fuskar tausayi, zai kore ka."

Bai jira a yanka kek ba. Ya gaya wa Renz a bar kwamfutar ta ƙarasa, shi da Manang Siony suka loda akwatin a babur mai ƙafa uku.

Sun tarar da Badong a kujerar gora a baranda, yana fuskantar hanya. Mutumin da a da yake cika ƙofa ya koma kamar an rataye riga a ƙusa. Ya daɗe yana kallon baƙon, sannan ya kalli akwatin. Bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa da kalmar.

"Har... yanzu... wannan gawar?"

"Ita ce, Pare, abokina. Kai ma ga ka nan, ba a binne ka ba."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Badong. Manang Siony ta ce rabonta da jin dariyarsa har ta manta yadda take, da farko ta ɗauka shaƙewa ya yi.

Soket ɗaya ne a barandar, sai da ta zare fanka. Manong Tikoy ya jona, ya jira akwatin ta yi ɗumi, ya taɓa babbar tsirkiya. Gilasan taga suka ɗauki rawa, kajin da ke ƙarƙashin gida suka watse. Ya kama wani tsohon kiɗa mai tafiyar hawainiya, irin wanda muke buɗe fili da shi a otal. Badong ya rufe ido. Can ya miƙa hannun hagu ya ɗauki cokalin da ke cikin kofinsa, ya fara buga hannun kujera.

Bugun yana makara. Manong Tikoy ya sassauta, ya jira shi. Ya sake makara, ya sake jira. Badong ya buɗe ido a fusace.

"Kada... ka... jira ni."

"Rufe min baki. Shekara da shekaru kana gudu ina bin ka har harshena waje. Yau ka bari in huta."

Suka ci gaba a haka, kiɗan na ɗingishi. Maƙwabta suka leƙo ta shinge suka koma. Manang Siony ta zauna a matakala, lokaci-lokaci ta tashi ta goge wa mijinta baki. Sai da rana ta yi sanyi ta tuna wa Manong Tikoy kwalekwalen ƙarshe.

Ya kalli akwatin, ya kalli hanya. "A bar ta nan," ya ce. "Bayana ya gaji."

Tun daga nan duk mako yakan haye da jita kawai a kafaɗa. Yakan tsaya a rumfata in ƙulla masa miya ya kai musu. Sau ɗaya na bi shi, na yi musu waƙa da abin da ya rage min na murya, Badong ya ce gara kajin. A watannin nan Manong Tikoy ya yi ƙiba kaɗan, har ya sayi sababbin tsirkiyoyi.

Da damina ta faɗi, ɗan Badong ya zo daga can Cavite, inda yake zaune, don ya tafi da iyayensa. Ya ce uwarsa ta tsufa, ba za ta iya ɗaga mutum ita kaɗai ba, can kuma akwai asibiti kusa. Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya musa. Manong Tikoy ya taya su ɗaure kaya, shi ya riƙe ƙafafun abokinsa aka sa shi a kwalekwale. A bakin ruwan Iloilo, kafin a rufe ƙofar motar da za ta kai su filin jirgi, Badong ya kama masa riga da hannun hagu. Ya yi ta ƙoƙarin magana, ba ta fito ba. Direba na ta danna oda. A ƙarshe ya saki rigar. Akwatin kuwa, Manong Tikoy ya bar wa cocin ƙauyen.

Yanzu ran Lahadi bayan an taso daga coci, Manang Siony takan kira shi, ta kara wa mijinta waya a kunne. Jitar bes ba lasifika ba ta da murya, don haka sai ya buɗe kabad ɗinsa, ya ajiye wayar a ciki, ya jingina kan jitar da ƙofar katakon, kabad ɗin ya ɗauki amo. Da farko sun gwada haɗa kiɗa, amma sautin kan makara a hanya, bugun cokalin ya iso bayan an wuce wurin. Suka haƙura. Shi ke kaɗawa, Badong na saurare.

Wani lokaci sai ya yi waƙa uku ko huɗu kafin ya ji muryar Manang Siony daga cikin kabad, ƙasa-ƙasa: "Tikoy, ya yi barci."

"To, Manang. Sai wani makon."

Sai ya ciro wayar, ya goge tsirkiya, ya sauko neman abin da zai ci da rana.