Jirgi Mai Mutum Takwas

Baturen mai hayar jiragen ya sake ƙirga su da bakin lofensa, ya ce su mutum goma ne. Illiassou ya ji kamar ya fizge lofen ya wurga a kogin Saône.

Sati uku ya yi yana zuwa wurin nan daga kantinsa na Villeurbanne, yana duba jirage biyu, kowanne dakali ne shimfiɗe kan dogayen ganguna, da rumfa a sama. Shuɗin na mutum shida ne, daidai shi da matarsa da 'ya'yansu uku da mahaifiyarsa, kujerunsa da taushi. Farin na takwas ne, da shinge kewaye, tsohuwa za ta samu abin dafawa. Yau ya ce shuɗi, gobe ya ce fari, har matarsa Raliatou ta daina amsa masa.

Duk don mahaifiyarsa ne, Hajiya Zeinabou. Likitocin Paris sun ce ta koma gida kawai, gobe Litinin za ta tashi. 'Yar Gaya ce, a bakin kogi ta girma, kuma tun zuwanta Faransa abu ɗaya ta roƙa: ta shiga ruwa. Shi kuwa ɗan fari ne. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama kusa da shi ba, "wancan" take ce masa. Ya sa rai a cikin jirgi dai dole su haɗa benci.

Bakinsa ne ya ja masa. A waya ya ce wa ɗan kawunsa Hassoumi na Paris, "Lahadi za mu kogi, bismilla," irin tayin da ake wa mai wucewa in ana cin tuwo. Da hantsi sai ga Hassoumi a tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu, da mata da 'ya'ya biyu da tukunyar dambu.

"Mu kama duka biyun mana," in ji Raliatou.

Illiassou ya juya. Yana can yana rarrashin Bature, wasu Turawa sun shige shuɗin, har sun kunna inji.

"Yallaɓai, yara ne fa, ba su da nauyi," ya ce da Faransanci.

"Takwas," in ji Baturen.

Hassoumi ya ce, "Wallahi mu sai mu jira nan, ba komai," amma 'yarsa ta riga ta ɗaura rigar hana nutsewa.

Hajiya ta gyara mayafi. "Hassoumi, kun sha hanya, ku shiga. Ni ƙafata ta motsa."

"Inna, don ke aka zo," in ji Raliatou. "Ni zan tsaya."

"Je ki riƙe 'ya'yanki. Wancan ya tsaya ya kama mini jaka."

Ƙafarta lafiya lau take, kowa ya sani. Hassoumi ya karɓi tuƙi, farin jirgin ya ja da baya a karkace, yara na ɗaga hannu. Takaici ya cika Illiassou har idonsa ya kawo ruwa, ya tsaya nesa rungume da jaka.

Hajiya ta zauna kan bencin gaɓa, ta daɗe tana kallon ruwan. Sai ta matsa gefe, ta share wurin da tafin hannunta.

"Illiassou," ta ce, "zo ka zauna, rana ce nan."

Sai da ya waiga ya ga ko da wani take.