Bakin Masunci

Shekara arba'in Desmond Pike ya yi yana fesa wa motoci fenti a garin Geelong, bai taɓa barin ko ɗigo a jikin ƙofa ba. Shi ne yau da furfurarsa wata Bronwyn, malamar zane, sa'ar autarsa, take ce masa wai aikinsa ya cika santsi.

Abin da ya kawo shi ajin ɗaya ne: so yake ya zana fuskar matarsa Glenys. Amma Bronwyn ta kafe, ba mai taɓa fuskar mai rai sai ya kwaikwayi hoton da ta jingine a gaban aji. Wani tsohon masunci ne, an lafta masa fentin mai kamar yaɓen ɗaki, kore a ƙarƙashin ido, baki a karkace.

"Haba Des! Ka sake miƙe masa baki?"

"To ai a karkace yake, yarinya. Mai zanen hannunsa ke rawa."

"Hannunsa lafiya lau. Ajiye burushin nan mai laushi. Mutum kake zanawa, ba ƙofar mota ba."

"A garinku ne ake samun mutum kore?"

Ta kankare da wuƙar fenti, ya sake, ta kankare. Har juya hoton ta yi, kai a ƙasa, wai ya daina ganin baki ya ga launi kawai. Gogan naka ya karkata wuya ya miƙe bakin a hakan. Hali zanen dutse. Da haushi ya ishe shi ya kwashi kayansa ya yi gida, ɗanyen fentin kuma ya ɓata masa kujerar mota.

Ya tarar da Glenys zaune a kicin. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same ta bara, gefen bakinta na hagu ya sauka, magana sai a hankali. Ya jera mata zanensa da ƙaramin kwafin hoton masuncin da aka raba musu a aji a kan tebur.

"Don Allah Glen, raba mu gardama da yarinyar nan. Wanne ya fi kyau?"

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora yatsa a kan miƙaƙƙen bakin, fenti ya kama yatsan.

"Nawa ma haka za ka gyara shi?"

Kunya ta rufe Desmond. Rabon da ya tsaya ya kalli bakin matarsa sosai, tun suna asibiti.