Mutuwar 'Yar Mai Guga

A duk ajinmu babu wanda ya kai ni iya hadda, amma mutuwa ta gagare ni.

A shekararmu ta ƙarshe a sakandare, Malamar adabi ta ɗauko wani tsohon wasan ban tausayi, irin wanda kafin a ja labule kusan kowa ya sheƙa barzahu, ta ce shi za mu yi wa iyaye ranar rufe makaranta. Ni ta ba sarauniya. A ƙarshen wasan za a kawo mini labarin an kashe ɗana a fagen yaƙi, in yi dogon jawabi, in caka wa kaina wuƙar katako, in zube. Jawabin kam ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi tsaf. Zubewar ce matsala.

Ranar gwajin farko na caka wuƙar, na ƙwalla ƙara, sai na duƙa na tattare gefen siket ɗina, na kakkaɓe dandamalin da tafin hannu, na kwanta a hankali ta gefen dama. Wallahi ban san na yi ba. Ajin ya kwashe da dariya, har gawarwakin da suka riga ni mutuwa suna riƙe ciki.

Malama ta cire tabarau ta ce, "Ke, mutuwa kika yi ko shimfiɗa kika hau?"

To, ya zan yi? Babana mai wanki da guga ne. A shagonsa na tashi, tsakanin baho da igiyar shanya. A gidanmu ba a zama sai an shafe bayan riga an gyara kari. In ka jingina da bango Baba ba zai yi maka faɗa ba, rigar kawai zai kalla kamar an mari wani nasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga ranar sunana a makaranta ya koma Sitaci.

Akwai wata a ajinmu da muke ce wa Rediyo, don bakinta ba ya hutawa. Malama ta ce mata ta gwada faɗuwar. Baiwar Allah ta zube tim kamar buhu, ko gezau.

"Saura mako biyu," in ji Malama. "In ba ki koyi faɗuwa ba, sarauta ta koma hannun Rediyo, ke ki riƙe mata mafici."

Abin ya yi mini ciwo ba kaɗan ba. Baba bai taɓa rufe shago don taron makaranta ba, kullum kayan mutane na jiransa. Wannan karon da bakinsa ya ce zai zo, tunda 'yarsa ce sarauniya. Ya zo ya tarar ina yi wa Rediyo fifita? Allah ya kiyaye!

Na koma gida na sa tsummokarana, na dinga zubewa a tsakar ɗaki. Inna ta leƙo da ludayi a hannu.

"Lafiya kike jijjiga mana gida?"

"Mutuwa nake koyo, Inna."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! In kin gama mutuwar, kwanuka na can suna jiranki."

Da tsumma a jiki sai ga shi na ƙware. Gwiwata ta kumbura, amma ranar gwajin ƙarshe Malama ta tafa ta ce, "Madalla, yau kam kin mutu." Ta buɗe akwatin kayan wasa ta miƙo mini rigar sarauniya: doguwa, fara ce a da, yanzu ta yi ɗorawa-ɗorawa, sai warin ajiya. Ta nuna mini wani ɗan aljihu a cikin ƙirjin rigar, inda za a ɓoye ƙullin jar tawada, wuƙa na taɓa shi ya fashe.

Baba na ganin rigar ya ɗaga ta da yatsa biyu.

"Uwata," haka yake kirana, "wannan tsumman za ki sa a gaban jama'a? Ina raye?"

Kwana uku ya yi a kanta. Ya jiƙa, ya wanke, ya sa bula, ya sa sitaci. A ƙirjinta akwai wani tsohon jirwaye ja-ja, wuni guda ya yi yana fama da shi har ya fita, bai kuma tambaye ni ko na mene ne ba. Siket ɗin na da tattara arba'in da biyu, na ƙirga, ya bi kowace da dutsen guga. Yakan tsaya ya murza kafaɗarsa mai ciwo, ya ci gaba. Da ya gama, rigar nan tana iya tsayuwa da kanta.

Ni kuwa na kasa gaya masa zancen tawada. Mutumin da kullum yake cewa jar tawada ita ce ajalin farin kaya! Inna ta ce, "Kin faɗa masa?" Na girgiza kai. Ta ce, "To, ke da shi."

Ranar wasa zauren makaranta ya cika maƙil tun da hantsi. Na hango Baba a layi na uku, zaune a bakin kujera don kada bayan rigarsa ya yamutse. Komai ya tafi daidai. Aka kawo mini mummunan labari, na yi jawabina, har na ji wata mata tana jan majina. Na ɗaga wuƙa.

Sai na yi kuskuren kallon ƙasa. Ga farar riga tana ɗaukar ido, ga dandamali duk sawun takalma da ƙura. Ban ga ɗana da aka kashe ba, kafaɗar Baba na gani. Hannuna na hagu ya tafi da kansa ya kama gefen rigar ya fara tattarewa. Aka soma ƙus-ƙus. Rediyo, da ke bayana da mafici, ta raɗa, "Shi ke nan, Sitaci ta motsa." A bayan labule Malama ta dafe kai. Na tsaya ƙiƙam, wuƙa a sama, na kasa gaba na kasa baya.

Sai na ji ƙarar kujera. Baba ne ya miƙe, mutumin da ko wajen ciniki ba ya ɗaga murya.

"Uwata! Faɗi abinki! Ai ni ne mai wankin!"

Zauren ya ɗauki dariya har da masu buga ƙafa. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, na gaske, ba na Malama ba. Ashe ya sani. Tun ranar da ya ga tsohon jirwayen nan ya sani, kuma ya zauna ya goge tattara arba'in da biyu. Na caka wuƙar da ƙarfi, tawada ta tsartu har haɓata, na zube ban tare ko'ina ba. Dariyar ta yanke kamar an ɗauke wuta. Ina kwance a cikin ƙura, kafaɗuna na rawa, gawa tana sheshsheƙa, amma babu wanda ya sake ko tari har aka ja labule.

Daga baya Malama ta ce shekara goma sha biyar tana shirya wasa, ba ta taɓa ganin sarauniyar da sai da ubanta ya ba ta izini ta mutu ba.

Da yamma Baba ya shimfiɗa rigar a kan teburin guga. Ya tara ruwa a baho, ya ɗauko sabulu. Ya daɗe yana kallon jan tabon da ƙurar da ta yi zane a gefe guda. Can sai ya mayar da sabulun, ya sa rigar a hanga, ya rataye ta sama da teburin. Washegari ya kai wa makaranta wata farar riga a madadinta.

Inna ta ce, "Malam, ba kai ka yi shela a gaban duniya za ka wanke ba?"

Ya ɗauki dutsen guga ya ci gaba da aikinsa.

Har yau rigar tana nan a rataye. Masu kawo wanki sukan nuna ta su ce, "Mai guga, wannan ta fi ƙarfinka ne?" Yakan ce, ba tare da ya ɗago daga guga ba, "Wannan ba datti ba ne. Aikin Uwata ne."

Baba bai taɓa cewa a zo gobe a karɓi kaya ya saɓa ba. Wannan rigar ce kaɗai ya ce zai wanke bai wanke ba.