Yawon Neman Gafarar Alhaji Hashimu

Mahaifina, Alhaji Hashimu na kasuwar hatsi ta Kaura, mutum ne da in ya kafa kansa a kan abu, sai dai ka gaji ka bar shi. Ni Fauziyya na fi kowa sanin haka, don ni na raka shi asibiti a Alƙahira.

Likitoci sun ce wata ƙofa ce a zuciyarsa ta ƙage, jini ba ya wucewa yadda ya kamata. Shekarunsa saba'in da takwas, ba zai ɗauki a buɗe masa ƙirji ba. Sai suka naɗe sabuwar ƙofa a bakin wani siririn bututu, suka shigar ta jijiyar cinya, suka bi da ita har zuciya, can suka buɗe ta kamar laima. Ko barci sosai ba su sa shi ba. Kwana uku aka sallame mu da 'yar filasta a cinya.

Muna isa gida ya tara mu.

"Ku bar ɓoye min," ya ce. "Na gane. Likita in ya sallame ka da wuri bai taɓa ka ba, cewa yay yi ku koma gida ku yi addu'a."

"Baba, an yi maka aiki!"

"Ina wurin? Zuciya na nan, ku kuna nuna min cinya. Ni yaro na?"

Na ɗauko hoton asibiti na nuna masa ƙofar zaune daram. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wannan ai kowa ana iya ba shi. Abokinsa Maiwada wanzami ya zo dubiya, ya ɗaga masa riga, ya duba ƙirji, ya girgiza kai. Shi ke nan, maganata ta tashi a banza. Shekara arba'in yana riƙe da aska, in ji shi, bai taɓa ganin aikin da babu ɗinki ba.

Abin da ya fi ci min rai, Baba ya daina shan magungunan da aka ba shi. Wai me mamaci zai yi da ƙwaya? Alhali likita ya ja min kunne cewa maganin nan ne ke hana jini daskarewa a kan sabuwar ƙofar. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Daga ƙarshe muka yi ciniki: zai sha, in zan raka shi neman gafarar mutane.

Muka fara da kasuwa. Rumfa-rumfa yake bi, yana kama hannun mutane yana cewa a yafe masa. Har Madam Theresa mai abinci sai da ya roƙa, saboda ya taɓa ce wa miyarta ruwa. Ta fashe da kuka ta zuba masa shinkafa, ya cinye tas ya nemi ƙari. Washegari muka shiga mota zuwa Zurmi, ya nemi gafarar wani da ko tuna shi bai yi ba. Kullum fuskarsa ƙara cika take, shi kuwa yana ta raba rigunansa.

Saura mutum ɗaya, wanda ya bari ƙarshe don ya fi wuya. Ƙanensa ne, Baffa Labbo, da ke Jangeru. Shekara goma sha tara ba sa magana, a kan wata tsamiya da ke iyakar gonar gado, wadda Baba ya sa aka sare ba shawara.

Muka bi ta Shinkafi da sassafe, ana ta addu'ar hanya. A Jangeru aka ce Baffa yana gona. Damina ce, mai mashin ya kai mu bakin laka ya ce nan ya tsaya. Baba ya naɗe ƙafar wando ya shige gaba. Tafiya muke, tafiya muke, ga tudu, ga santsi. Tun ina kiransa ya jira ni har murya ta ƙi fita.

Mun iske Baffa duƙe yana noma. Ya ɗago, ya ga yayansa, hauya ta faɗi daga hannunsa.

"Labbo," Baba ya ce, "na zaka ka yahe min. Kwanana sun ƙare. Tsamiyar nan ni ad da laihi."

Baffa ya rungume shi yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana na yahe, na yahe. Sai da ya natsu ya hango ni can baya, dafe da gwiwa ina haki. Ya dube ni, ya dubi Baba.

"Yaya, daga ina kunka taho ƙasa?"

"Daga bakin laka."

"Bakin laka? Ni da nike zuwa kullum sai na huta sau biyu. To wa ka mutuwa cikinku, kai ko ɗiyar ga?"

Baba ya juya ya kalli hanyar da muka biyo, har inda ta ɓace. Ya ɗora hannu a ƙirji, ya ja numfashi mai tsawo, ya sake ja, kamar mai gwada sabon takalmi.

"Ashe mutanen nan sun yi aikin," ya ce a hankali. Sai ya haɗe rai ya dubi ƙanensa. "Wallahi da na san lahiyata lau, da ban zaka ba."

"Ni ma da na sani da ban yi kuka ba," in ji Baffa, yana share ido da bakin riga. "Amma ka riga ka roƙa, na riga na yahe. Yanzu sai ka san yadda za ka yi da ni sauran shekarun."

Baba ya so ya yi dariya, ta ƙi fita daidai. Ya zauna a kan kunyar gona cikin laka da farin wandonsa, ya kamo hannun ƙanensa ya riƙe. Na kau da kaina wajen dawa, don ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba.