Tokar Budni da Sunan Caudari

Tsohuwa Budni ta mutu ranar Talata da hantsi, a ɗakin da ke bayan madafi, inda ake jibge buhunan alkama. Shekara tara ta yi a ɗakin nan. Duk unguwar an san ta a matsayin 'yar aikin gidan Dinanat Caudari, mai babban shagon yadi a kasuwar Mirat. Mutum biyu kaɗai suka san ita ce ta haife shi, ɗaya kuwa ga ta nan an ja mata mayafi har ka.

Sunan da aka raɗa masa Dinwa, ɗan Jinku, daga ƙauyen Sarauli can gabas, unguwar bayan gari inda masu fiɗar mushe da jima ke zaune. Mutanen unguwar ba su da sunan dangi. Da sana'arsu ake kiransu, kiran kuwa zagi ne. Yana ɗan shekara sha bakwai ya shige jirgin ƙasa bai yi wa kowa sallama ba. A Mirat, ranar da ya je yankan katin rabon hatsi na gwamnati, akawu ya tambaye shi sunan dangi ba tare da ya ɗaga kai ba. Sunan da ya fara zuwa bakinsa shi ne na mai gonakin ƙauyensu, mutumin da ubansa ke cire takalmi tun daga nesa in zai wuce ƙofar gidansa. Ya ce, "Caudari." Akawu ya rubuta.

Ya kuwa iya zaɓe. Caudari a da can sarauta ce. Sarakuna kan ɗora mutum a kan ƙauyuka ya riƙa tara musu haraji, a kira shi haka, wai mai riƙe da kaso huɗu. Sarakuna suka shuɗe, suna ya rage a hannun jikoki, ya bazu daga Panjab har Bangal har tsaunukan Nefal. Akwai Caudari mai zuwa masallaci, akwai mai rawani da gemu, akwai mai bautar kogin Ganga. Suna ne mai faɗi kamar kasuwa, wanda ya shige ba a cika ganinsa ba. Dinanat ya yi aure a cikinsa, matarsa ta mutu ba ta san komai ba, ya aurar da 'yarsa tilo Nirmala ga ɗan Caudari Balwant, mai gonakin rake, wanda nasa sunan ya gada tun kaka da kakanni. Yanzu Nirmala na da cikin wata bakwai. Dinanat ya san halin Balwant sarai. Ranar da aka ji daga inda jinin yarinyar ya fito, ranar za a ajiye ta a bakin titi da akwatinta da cikinta.

Da Jinku ya mutu aka ƙona gawarsa bisa al'adarsu, Budni ta kai tokarsa ita kaɗai Haridwar, garin da ake zuba tokar matattu a Ganga, daga nan ta bi adireshin da ke bayan wata tsohuwar wasiƙa da ya taɓa aiko mata har ƙofar ɗanta. Bai kore ta ba, amma ya gindaya mata sharaɗi. Za ta kira shi Maigida. Ƙoƙonta daban, a rataye a ƙusa. Ba za ta taɓa tulun ruwa ba. Ta amsa duka, ba ta taɓa kuskure ba ko sau ɗaya. Kwana uku kafin ta cika, ya leƙa ɗakin da azahar, ta kama masa gefen riga.

"Dinwa."

"Ki rage murya."

"Abu ɗaya ne. Ka kai ni inda na kai ubanka. Ka nemi Pandit Kedar, shi ke riƙe da littafin Sarauli. A rubuta ni kusa da Jinku. Ban roƙe ka komai ba tun da na zo."

Ya ce ya ji, ya zare rigarsa.

Da ya ce shi zai sa wa gawar wuta, aikin da ɗa ke yi, tunda tsohuwar ba ta da kowa, unguwa ta ɗauka da yabo. Nirmala ta zo da yamma, ta tsaya daga bakin madafi tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Baba, a ƙona tabarmar da bargon. A wanke ɗakin da toka, a bar shi a buɗe mako guda. Ni dama tun tana raye warin ɗakin nan ke tayar mini da zuciya."

"Za a yi."

Bayanta sai ga Balwant, ƙato mai gashin baki kamar ƙahon bauna, yana magana kamar da mutumin da ke ƙetaren gona.

"Suruki, an ce har Haridwar za ka kai tokar? Kai dai zuciyarka ta yi laushi da yawa. Irinsu ai kowane kududdufi ya ishe su. To ba komai, na daɗe ban yi wanka a Ganga ba. Jibi mu tafi a motata. Amma tukunyar tokar a saman mota za a ɗaure ta."

Dinanat ya yi ta kawo uzuri, Balwant ya yi ta turewa da dariya. Jibi ta yi, aka ɗaure Budni a saman mota tsakanin tayar safaya da buhun shinkafa.

Duk hanya Balwant bai yi shiru ba. "Yanzu kowane kare da doki Caudari ne. Mai faci Caudari, mai aski Caudari. Kwanaki wani ya zo neman aikin yankan rake, wai shi ma Caudari. Na ce masa, faɗa mini kakanka na bakwai. Ya tsaya yana ƙifta ido. Na sa aka raka shi da sanda. Ni nawa goma sha ɗaya ne a rubuce, yau za ka gani da idonka. Kai naku fa, har yanzu ba a samo ba?"

"Ambaliya ta ci littafin, na faɗa maka."

"Haka ka ce. Gabas kullum ambaliya."

A Haridwar, masu littattafan zuriya, waɗanda ake kira pandit, suna zaune bisa gadajen katako a ƙarƙashin lema, kowane da gundumominsa da irin mutanensa da ya gada daga ubansa. Duk wanda ya kawo toka sai a buɗe shafin ƙauyensu, a karanta masa kakanninsa, a rubuta mamacin, shi kuma ya sa hannu a ƙasa. Balwant ya nufi nasa pandit ɗin, aka shimfiɗa masa darduma, aka aika a kawo shayi. Dinanat ya ce bari ya je ya rabu da tukunyar ya dawo. Ya kwance ta, ya kutsa cikin taro yana tambayar Pandit Kedar.

Can ƙarshen matakalar da ke sauka bakin ruwa ya same shi, inda kwata ke zuba a kogi, wajen da ake tura mutanen bayan gari. Tsoho ne ƙashi da fata, da tabarau ɗaure da zare. Ya ga mutum cikin farar riga mai tsada da zoben zinariya, sai ya nuna masa gefen gadon.

"Ga wuri, ranka ya daɗe, zauna."

Amma Dinanat ya riga ya tsuguna a ƙasa, taku uku daga gadon, takalmansa a cire a gefe. Bai san lokacin da ya yi ba. Shekara arba'in yana zama kan kujera, ƙafafunsa ba su manta ba. Ya yi wuf zai miƙe, tsohon ya ɗaga hannu.

"Yi zamanka inda ka zauna. Wane ƙauye?"

"Sarauli. Budni, matar Jinku."

Pandit Kedar ya jawo wani dogon littafi mai jan bango, ya warware igiyarsa, ya lashi yatsa yana buɗawa. Ya karanta da ƙarfi, yadda ake yi: "Jinku ɗan Mangaru ɗan Sukai. Matarsa Budni ta kawo tokarsa, ga dangwalen yatsanta. Ɗa ɗaya, Dinwa, ya tafi yamma, ba labari." Ya dubi Dinanat ta saman tabarau. "Kai ne wa?"

"Ka rubuta ta kawai, ranka ya daɗe. Ko nawa ne zan bayar."

"Littafin nan ba ya karɓar matacce sai da mai rai. Wanda ya kawo toka sai ya faɗi sunansa, da garin da yake, da abin da mamaci yake a gare shi. Haka ubana ya yi, haka kakana. In ɗa ne, sunansa ya hau ƙarƙashin ubansa, 'ya'yansa su biyo, ni kuma duk shekara bayan girbi in zo gidansa in sa albarka."

Dinanat ya hango tsohon nan tsaye a ƙofar gidansa a Mirat da jan littafi a hammata, yana tambayar maƙwabta ina gidan Dinwa ɗan Jinku na Sarauli. 

"Au, nan ka maƙale!" Muryar Balwant ce daga saman matakala. Ya sauko yana tattare bakin zanensa kada ya taɓa ƙasa. "Shayi har ya huce. Me kake yi a tsugune kamar mai jiran sadaka? Tashi mana, suruki!"

Dinanat ya miƙe. "Gwiwa ce ta riƙe."

Pandit Kedar ya tsoma alƙalami a tawada. Bai dubi Balwant ba. "Ina jira. Mece ce ita a gare ka?"

"'Yar aikinsa ce," in ji Balwant. "Rubuta mu tafi, wurin nan wari yake."

"Ba kai ka ɗauko tukunya ba, ranka ya daɗe. Mai tukunya ake tambaya, kuma a gaban Ganga ake amsawa."

Tukunyar ba ta fi ƙwaryar nono ba, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle. Da ɗuminta, don ta sha rana a saman mota. Dinanat ya ji ɗumin a tafin hannunsa. Ya tuna Nirmala da cikinta.

"'Yar aikina ce."

"Ban ji ba, kunnen ya tsufa."

"'Yar aikina ce."

"Sunanka?"

"Dinanat Caudari."

"Caudari," in ji tsohon, yana rubutawa a hankali. "Babban suna. To, Caudari, tunda a gidanka ta zauna, ko ta taɓa yi maka zancen ɗanta? Ga shi nan a rubuce, Dinwa. In yana raye sai in bar masa fili a ƙasa. In ba ya raye sai in rufe gidan."

Balwant ya tuntsire da dariya. "Yana raye ya bar uwarsa tana wanke-wanke a gidan wani? Ai ko a cikinsu wannan ɗan banza ne. Suruki, ta taɓa faɗa maka?"

"Ta ce ya mutu."

"Da bakinta?"

"Da bakinta."

Pandit Kedar ya rubuta, sannan ya karanta da ƙarfi yadda na kusa duk za su ji: "Budni matar Jinku, ta mutu ba ɗa ba jika. Maigidanta ya kawo tokarta don tausayi." Ya ɗora sandar awo a kan shafin, ya ja layi baƙi daga gefe zuwa gefe a ƙarƙashin sunan Dinwa. Ya juyo littafin. Dinanat ya sa hannu a gefe, wajen da baƙi ke sawa, ɗan yatsa biyu daga dangwalen uwarsa.

"Addu'ar da ɗa ke yi ba za a yi ba, tunda babu ɗa," in ji tsohon. "A zuba kawai."

Dinanat ya juya zai sauka ruwa, Balwant ya riƙe masa kafaɗa. "Haba, ya isa haka. Ka sa mata wuta, ka kawo ta, har kuma ka shiga ruwa da ita? Kai!" Ya yafito wani mai shara da ke kankare matakala. "Zo karɓi wannan ka juye."

Mai shara ya jingine tsintsiya, ya karɓa, ya taka zuwa bakin kwata, ya kwance ƙyallen ya kife tukunyar kamar mai zubar da ruwan wanki. Tokar ta yi ɗan fari a kan ruwa, ta bi ta ƙarƙashin gada. Ya soke jan ƙyallen a ƙugu, don zai yi amfani.

"Yanzu sai wanka," in ji Balwant. "Can sama, wajen mutane. Sau uku za ka nutse, ka riƙe abin nan tun ɗazu. Kada ka shigar mini mota da shi, gida akwai mai ciki."

Suka kama hawa. Sun yi matakala goma sha wani abu, sai muryar tsohon ta biyo su, ba da ƙarfi ba, kamar mai kiran yaro ya zo ya ɗauki abin da ya manta.

"Dinwa."

Ƙafar Dinanat ta tsaya a kan dutse.

"Wa yake kira?" in ji Balwant, yana waiwaye.

"Oho. Wani nasu ne."

Ya ɗaga ƙafar ya ci gaba da hawa. A sama ya tuɓe rigarsa, ya kama sarƙar da ke bakin ruwa, ya nutse sau uku, Balwant na tsaye yana ƙirga masa.