Ranar da Silviu Ya Tare Gangaren Mutane

A layinsu na Otopeni, kusa da filin jirgi, babu wanda direbobin haya suka ƙi jini kamar Silviu Bărbulescu. Tun da aka fara kiran mota ta waya layin ya zama wurin jiransu, domin a harabar filin jirgi sai an biya kuɗin tsayawa, nan kuwa kyauta ne. Sukan jera motoci tun da hantsi, wani a bakin get ɗin mutane, wani a kan gangaren da aka kwantar a gefen titi saboda masu keken guragu, su kishingiɗa suna jiran waya ta yi ƙara. Silviu ne ya sayo fenti ya ja layi a ƙofar kowane gida, shi ke ɗaukar hoton lambar mota ya tura wa 'yan sanda. Maƙwabta suka laƙaba masa Shugaba, tun ana wasa har sunan ya bi shi.

Akwai ranar da wani direba mai furfura ya ba shi haƙuri, ya ce fitsari ne ya matse shi, ya ɗan leƙa kanti. Silviu ya ce masa mafitsararsa ba damuwar layin ba ce. An daɗe ana maimaita maganar ana dariya.

Ana nan sai aka rufe kamfanin kujerun da yake aiki. Ya yi yawon neman wani, duk inda ya je a kalli furfurarsa a ce za a kira shi. Daga ƙarshe ƙanin Otilia, matarsa, ya nuna masa yadda ake rajistar tuƙin haya, ya shiga sahun waɗanda yake kora. A cikin Bucharest kawai yake aiki, nesa da gida, kuma kafin ya shigo layi sai ya tsaya ya cire alamar haya daga gilashi ya tura ƙarƙashin kujera. Ga maƙwabta kuwa ya ce kai kaya yake yi wa wani abokinsa.

Wata rana a watan Yuli ya sauke fasinja a bakin wani asibiti. Tun safe bai fita daga motar ba, ga kofi ya sha ya ƙara, mararsa kamar za ta fashe. Ya zaga layin baya, ko'ina a cike, sai wuri guda a ƙofar wani tsohon gida. Ya san dalilin da ya sa aka bar wurin, ya ga gangaren sarai. Ya kunna fitilun gefe ya ruga wani shagon shayi, ya tarar da layi a bakin bayin.

Da ya dawo, tun daga nesa ya jiyo ƙarar hon. A tsakiyar titi, daidai gefen motarsa, wata tsohuwa ce 'yar ƙarama riƙe da keken guragu, mijinta a ciki da auduga manne a hannu, bayansu motoci sun yi jerin gwano. Ta yi ta ƙoƙarin ɗaga tayoyin gaba a inda simintin ke da tsawo, ƙarfinta ya gaza.

"Domnu," wato malam, "motarka ce?" ta tambaye shi.

"Doamna," ya ce, wato uwargida, "ki yi haƙuri, minti biyu kawai na..."

"Kowa minti biyu yake yi," in ji ta.

Ba ta ɗaga murya ba. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya laluba makulli, ya suɓuce ya faɗi, da ya ɗauka kuma ya ga babu ta inda zai fitar da motar, tunda keken na gefensa, motoci sun toshe baya. Dole shi da wani mai wucewa suka kama keken suka ɗaga. Tsohon ya runtse ido har aka dire shi, sannan ya dubi Silviu.

"Na yi ta zarya ofishin magajin gari kafin a kwantar da wurin nan," ya ce a hankali. "Ba don komai ba sai don a daina ɗaga ni kamar buhun dankali."

Tsohuwar ta tura mijinta cikin gida ta rufe get. Da Silviu ya ɗaga kai ya ga wata mata a tagar bene ta saita waya.

Kafin la'asar hoton ya yi yawo har ya faɗo cikin zauren waya na maƙwabta, wanda shi da kansa ya kafa. Ga lambar motar, ga alamar haya a gilashi, ga shi a sunkuye gumi ya jiƙa masa riga. Babu wanda ya rubuta komai a ƙasa, kuma shirun ya fi masa ciwo. Otilia ta ajiye masa kwanon miyar tsami ta tambaya ko ya ba mutanen haƙuri. Ya ce ya bayar. Ta ce to ya ci abincinsa. Ya yi ta juya cokali har miyar ta huce.

Ya kwana biyu bai leƙa waje ba. Ranar da ya fito ban ruwan tumatir a bayan gida, maƙwabcinsa Fane, wanda ya girme shi, ya leƙo ta saman shinge.

"Shugaba, an ce ka shiga cikin abokan gaba leƙen asiri. Ya aikin?"

"Nea Fane," ya ce, wato Yaya Fane, "ka bar ni da abin da ke damuna."

Amma ya ajiye bututun ruwan ya faɗa masa komai, rufe kamfanin, yawon neman aikin, alamar da yake ɓoyewa. Fane ya saurara yana sosa haɓa, sannan ya ce ai tun lokacin sanyi kowa ya sani. Surukar Fane ce ta kira mota a cikin gari, hoton Silviu ya fito a wayarta, ta yi maza ta soke kiran don kada su haɗa ido. Daga nan matan layin suka yi shawara a rufe baki.

"To duk watannin nan da nake tsayawa a taron maƙwabta ina zagin direbobi?"

"Muna kallonka," in ji Fane. "Mun ce mutum ya rasa aiki, a bar masa shugabancinsa mana."

Silviu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tuna yadda yake buga tebur, da yadda matan ke sunkuyar da kai, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

Ranar Lahadi ya cika jaka da tumatir ya koma layin asibitin. Ya ajiye mota can nesa ya tako da ƙafa. Tsohuwar ta gane shi, ta karɓi jakar a bakin get, ta yi godiya, ta ce mai gidan na barci. Ba ta ce ya shigo ba, shi ma bai nema ba.

A taron maƙwabta na gaba ya zauna a kujerar baya. Da aka nemi ya yi magana, ya miƙe ya ce a roƙi hukuma ta kafa turakun ƙarfe a gefen kowane gangare, a kuma nema wa direbobin fili mai bayi kusa da filin jirgi. Wani ya yi dariya, matarsa ta zungure shi. An samu turakun kafin ƙarshen kaka, batun fili kuwa har yanzu ana cewa ana dubawa. Silviu ya ci gaba da tuƙinsa, Fane ya karɓi shugabancin yana ƙorafin ciwon gwiwa.